Komawa tsarin NFPA 805 a tashoshin nukiliyar Amurka: gyara ne ko sassauci?

Hadiza:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina nazarin yadda tashoshin nukiliya na Amurka suka sabunta shirinsu na kariya daga gobara, kuma akwai abin da ya shige mini duhu. Tun daga 1981 tsoffin tashoshin ƙasar suke bin ƙa'idojin Rataye R na dokar hukumar kula da harkokin nukiliya, wato NRC, waɗanda suka faɗi ƙarara irin bangon da za a gina da tazarar da za a bari tsakanin wayoyin lantarki. Sai ga shi a 2004 hukumar ta ba duk tashar da ta ga dama izinin komawa tsarin NFPA 805, wato ma'aunin ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, wanda a ƙarƙashinsa tasha za ta iya nunawa da lissafi cewa haɗarin wani ɗaki ƙanƙane ne, ta bar ɗakin yadda yake ko da bai cika tsohuwar ƙa'ida ba. Tambayata ita ce: wannan ba hanya ba ce ta halasta abin da tashoshin suka kasa cikawa shekara da shekaru? Kuma a aikace, mene ne ke canzawa a cikin tashar idan ta koma sabon tsarin? Zan yi farin ciki da bayanin waɗanda suka san fannin.

Malam Isiyaku:

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Zarginki yana da tushe, amma ba za a fahimci sabon tsarin ba sai an duba inda tsohon ya samo asali. Ranar 22 ga Maris 1975, a tashar Browns Ferry da ke jihar Alabama, ma'aikata suna duba ko iska na zurarewa ta kafar da wayoyi ke ratsa bango, kuma da harshen kyandir suke gwajin. Soson roba da aka toshe kafar da shi ya kama, gobarar ta bi wayoyi zuwa ginin tukunyar nukiliya ta ci kusan awa 7, ta lalata wayoyi sama da 1,600, fiye da 600 daga cikinsu na na'urorin tsaro ne. Na'urorin sanyaya tukunya ta ɗaya na gaggawa suka daina amsa umarni, har sai da masu sarrafa tashar suka nemi wasu famfunan da ba don wannan aiki aka girka su ba. Abin da ya fito fili shi ne cewa na'urorin da aka yi biyu-biyu don ɗaya ta maye gurbin ɗaya, wayoyinsu a wuri guda suke tafiya.

Rataye R amsa ce ga wannan darasi kai tsaye. Ya ce inda layukan tsaro biyu suka haɗu a ɗaki ɗaya, ko dai a raba su da shingen da zai jure gobara na awa 3, ko a bar tazarar ƙafa 20 babu abin ƙonewa a tsakani tare da na'urar gano gobara da mai kashe ta da kanta, ko kuma a naɗe layi ɗaya da shingen awa 1 tare da waɗannan na'urori. Matsalar ita ce an ɗora ƙa'idar a kan tashoshin da aka riga aka gina, wayoyinsu dubbai suna kwance inda suke. Shi ya sa hukumar ta yi ta ba da izinin keɓewa har ɗaruruwa, wasu tashoshin kuma suka dogara ga cewa ma'aikaci zai ruga ya juya bawul da hannu a lokacin gobara, ba tare da sun nemi amincewar kowa ba. Bugu da ƙari, a 1992 aka gano cewa shingen Thermo-Lag da tashoshi da yawa suka naɗe wayoyinsu da shi ba ya jure lokacin da aka ce yana jurewa, a 2005 kuma gwaji ya nuna irin wannan gazawa a shingen Hemyc. Saboda haka tsohon tsarin da kike kwatanta sabon da shi bai taɓa kasancewa cikakke a cikin gine-ginen ba, a takarda kawai yake cikakke.

Dangane da abin da ke canzawa kuwa, ya kamata ki sani cewa NFPA 805 bai taɓa ginshiƙan shirin ba. Babi na 3 ya ci gaba da wajabta ruwan kashe gobara, da na'urorin ganowa, da kula da kayan da ke ƙonewa, da izinin aikin walda, da tawagar kashe gobara ta aƙalla mutum 5 a kowane lokaci. Sabon abu yana babi na 4. Tasha za ta bi kowane ɗaki ta rubuta duk inda ta saɓa wa ƙa'idar rabuwa, sannan a kan kowace saɓawa ta zaɓi ɗaya: ko ta gyara wurin, ko ta lissafa ƙarin haɗarin da barinsa ke jawowa ta nuna cewa ƙarami ne, kuma matakan kariya masu hawa-hawa da rarar tsaro suna nan ba su ragu ba. Lissafin shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ana yin sa ne bisa hanyar da NRC da cibiyar bincike ta EPRI suka fitar a 2005 mai lamba NUREG/CR-6850: sau nawa irin wannan akwatin lantarki ke kamawa, wane zafi zai fitar, wace waya ce ke samansa, me zai faru idan ta ƙone, kuma mene ne yiwuwar a kashe gobarar kafin hakan.

Wannan aiki ne ya tilasta wa tashoshi bin sawun wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma sakamakonsa ƙarfe ne da siminti. Shearon Harris a Karolina ta Arewa, wadda ita ce ta fara samun amincewa a 2010, ta girka na'urorin shaƙar iska masu gano alamar ƙuna a cikin akwatunan lantarki tun kafin harshen wuta ya bayyana, ta kuma ƙara wata hanya mai zaman kanta ta tura ruwa ga sassan da ke hana yoyo a famfunan sanyaya tukunya. Tsohuwar ƙa'ida ba ta nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Injiniya Bala:

Malam Isiyaku ya kawo tarihin daidai, sai dai ina ganin ya yi wa lissafin kara fiye da kima. Ni damuwata ita ce ingancin lambobin da ake zubawa a ciki. Gobara mai tsanani a tashar nukiliya abu ne da ba ya yawan faruwa, don haka bayanan da ake ciro yawan aukuwarta daga cikinsu kaɗan ne, kuma yadda aka rarraba su yana iya ɗaga sakamakon ko ya saukar da shi ninki da dama. Kamfanoni sun daɗe suna kukan cewa hanyar 2005 tana zuzuta haɗari, musamman wajen zafin da akwatin lantarki ke fitarwa, har aka sake yin gwaje-gwaje aka fitar da sababbin ƙididdiga masu sauƙi a 2016. Kada a ɗauka zuzutawa ba ta da illa. Idan aka kumbura haɗarin wani ɗaki bisa kuskure, yakan danne na wani ɗakin da ya fi shi muhimmanci, kuɗin gyara ya tafi inda bai kamata ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da lissafin ya iya rainawa. Fashewar tartsatsin lantarki mai ƙarfi a cikin manyan akwatunan makunni, irin wadda ta auku a tashar Onagawa ta Japan lokacin girgizar ƙasa ta Maris 2011, ba ta tashi a hankali kamar sauran gobara, cikin daƙiƙu take narka ƙarfe ta watsa shi. Daga baya gwaje-gwaje suka tayar da tambaya kan ko kayan da ke ɗauke da alminiyam suna yin ɓarnar da ta wuce iyakar da aka zana a lissafi, hukumar NRC ta shafe shekaru tana bincike a kai. Haka ma batun wayar da ta ƙone ta haɗu da wata ta kunna famfo ko ta buɗe bawul ba da umarnin kowa ba: an daɗe ana ɗaukarsa abu mai wuyar faruwa, sai da gwaje-gwajen ƙona wayoyi, har da waɗanda aka yi a ɗakunan bincike na Sandia, suka nuna cewa yana faruwa sosai, kuma fiye da ɗaya na iya faruwa a gobara guda.

Sannan ga jinkiri. Hukumar ta sassauta hukunta saɓawar da tasha ta gano da kanta muddin tana kan hanyar komawa sabon tsarin, a wannan tsakani kuma ana rufe giɓin da masu sintirin gadin gobara, matakin da aka ce na wucin gadi ne amma ya ɗauki shekaru a wurare da yawa. Oconee a Karolina ta Kudu ta sami amincewa a ƙarshen 2010 bisa alkawarin kammala sabon tsarin samar da ruwa mai kariya, aikin ya yi ta ja har hukumar ta fitar da umarni a kansa a 2013. Browns Ferry kanta, inda komai ya faro, sai a 2015 ta sami amincewar komawa NFPA 805, shekara 40 bayan gobarar. Don haka tambayar Malama Hadiza ba ta mutu ba.

Hajiya Rabi:

Ina tare da Injiniya Bala a kan raunin lambobin, amma hakan bai sa na fifita tsohon tsarin ba, domin shi ma yana ɗauke da zato, sai dai bai rubuta shi ba. Wane ne ya tabbatar cewa ƙafa 20 ta isa a kowane ɗaki, komai tsayin rufinsa da yawan wayoyin da ke cikinsa? Zaton da aka rubuta da lamba ana iya ƙalubalantarsa a gyara shi, kamar yadda ya faru da misalan da Injiniya ya kawo. Kuma ba a karɓar lissafin tasha sai ƙwararru daga wajenta sun tantance shi bisa ma'aunin ƙungiyoyin injiniyoyi na ASME da ANS, sannan ma'aikatan hukumar su bi shi da tambayoyinsu.

Akwai abubuwa biyu da sabon tsarin ya kawo waɗanda ba a ambata ba tukuna. Rataye R ya fi mai da hankali kan tukunya tana aiki, da kai ta ga sanyi cikin awa 72. NFPA 805 ya ce a kai man nukiliya ga yanayi mai aminci da daidaito a riƙe shi a can, kuma a duba gobara har a lokacin da aka kashe tukunya don sauya mai, lokacin da ƙofofi ke buɗe, ana walda, an cire wasu famfuna don gyara, ruwan da ke kan man kuma wani lokaci ya ragu. Na biyu, aikin hannu da ake sa ran ma'aikaci ya yi a wajen ɗakin sarrafawa yanzu sai an nuna cewa zai yiwu: akwai haske, hayaƙi bai tare hanya ba, lokaci ya isa, an kuma yi atisaye, sannan a saka haɗarin gazawarsa cikin lissafi.

Inda nake ganin ainihin jarrabawar take shi ne bayan an karɓi lasisi. Sharaɗin lasisin yana ba tasha damar amincewa da canjin kanta ba tare da komawa ga hukuma ba, idan ƙarin yiwuwar lalacewar zuciyar tukunya bai kai ɗaya cikin miliyan 10 a shekara ba, na saurin fitar tururin guba mai yawa kuma bai kai ɗaya cikin miliyan 100 ba. Wannan amana ce babba. Lissafin kamar littafin bashin mai kanti yake, ranar da aka daina rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita ya zama takarda kawai. Idan aka ja sabuwar waya ta wani ɗaki ba a shigar da ita cikin kundin wayoyi ba, ko aka ajiye gangar mai a kusurwar da lissafi ya ɗauka babu komai, lambar da ke kan kwamfuta ta daina bayyana ginin da ke tsaye.

Hadiza:

Na gode ƙwarai, malamai. Saura tambaya ɗaya ga Hajiya: idan sabon tsarin ya fi bayyana gaskiyar haɗari, me ya sa ba a wajabta shi a kan kowace tasha ba?

Hajiya Rabi:

Domin buƙatar ba ɗaya ba ce, 'yata. Rataye R ya shafi tashoshin da suka sami lasisin aiki kafin 1 ga Janairu 1979. Waɗanda suka zo daga baya an zana yawancinsu ne da darasin Browns Ferry a gaba, layukan tsaronsu a ɗakuna daban-daban tun daga tushe, don haka saɓawarsu kaɗan ce kuma gyara ta kai tsaye ya fi musu araha. Komawa NFPA 805 aiki ne na shekaru da ke cin miliyoyin daloli masu yawa, ga ƙwararrun lissafin haɗarin gobara ba su da yawa, shi ya sa wasu kamfanonin da suka bayyana niyya tun farko suka janye da suka ga abin da tashoshin da aka fara gwada tsarin a kansu, wato Shearon Harris da Oconee, suka kashe. A ƙarshe kusan rabin tukwanen ƙasar ne suka koma, mafi yawansu tsofaffi. Waɗanda suka tsaya a tsohon tsarin ba a ƙyale su ba, an nemi su warware batun kunnuwar na'urori ba da umarni ba da batun aikin hannu ta hanyar gyara ko neman izini a rubuce. Idan kina son ki auna wata tasha da kanki, ki nemi takardar amincewar da NRC ta ba ta, wadda ke buɗe ga jama'a a rumbun takardun hukumar, ki duba jadawalin gyare-gyaren da ta yi alkawari da wa'adin kowanne, sannan ki bi rahotannin binciken gobara da suka biyo baya ki ga ko an kammala su a kan lokaci.