Abin da aka tattauna kan teburin karatun yara, a taƙaice

Jama'a, maganar ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro ta wuri ɗaya don wanda bai bi daga farko ba.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Tsayi ake fara dubawa kafin kyau. Idan yaro ya zauna, tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, gwiwar hannunsa ta yi daidai da saman tebur. Teburin manya, mai kusan santimita 75, ya yi wa ɗan firamare tsawo. Kafaɗa zai riƙa ɗagawa, nan da nan ya gaji.
2. A tafi da yaron wurin kafinta a auna shi, a yi tebur da kujera tare.
3. A goge kusurwoyi, kada a bar kaifi ko kan ƙusa.
4. Haske ya zo ta hagu ga mai rubutu da dama, bahago kuma ta dama, don kada inuwar hannu ta rufe littafi.

Inda aka rabu:

Wasu katako suka zaɓa saboda ƙarko, wasu suka ce gara ba ta barinsa, gwamma na roba mai sauƙin gogewa. Masu katako suka ce roba rawa take yi in ana rubutu. Ni dai a nan na fi karkata gare su.

Durowa ma an ja. Iyaye mata da dama sun ce tarkace kawai take tarawa.

Masu ɗaki ɗaya kuwa sun fi son wanda ake naɗewa a jingine bayan ƙofa.