Shin ɗan kasuwa zai iya riƙe kuɗin gwamnati da gaskiya? Batun Robert Morris

Ɗalibi daga Samaru: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. A darasin tarihin Amurka an ambaci Robert Morris, attajirin Filadelfiya da ya zama ɗan majalisa. Ta yaya mai fatauci da jiragen ruwa ya kai wannan matsayi?

Malami daga Kongo: Wa alaikumus salam, ɗana. An haife shi a Libaful ta Ingila a 1734, ya yi arziki da safarar kaya ta teku, har da cinikin bayi, wanda masu yabonsa kan tsallake. Ya wakilci jihar Pensilbeniya, inda birnin Filadelfiya yake, ya sa hannu a takardar ayyana 'yanci ta 1776 da kundin tsarin mulki na 1787. Daga 1781 zuwa 1784 shi ne mai kula da kuɗin ƙasa, lokacin da baitulmali ya bushe har ya riƙa ba da takardun bashi da sunansa domin a ciyar da sojojin Janar George Washinton masu yaƙin neman 'yanci. Ya zama sanata daga 1789 zuwa 1795.

Ɗan kasuwa daga Sabon Gari: Allah ya gafarta malam, ai nan ne gizo ke saƙar, domin tun yana raye an zarge shi da haɗa aljihunsa da na gwamnati.

Malami daga Kongo: Gaskiya ne, Alhaji, an yi zargin. Amma sayen filaye da bashi ne ya karya shi, har aka tsare shi a gidan yarin masu bashi daga 1798 zuwa 1801.