Daɓen rumfar shanuna ya ƙi bushewa, kofato na ruɓewa

Assalamu alaikum. Ina da shanun tatsa shida, ruwa-biyun Bunaji da Firisiyan (shanun madara na Turai), a bayan garin Zariya. Bara na gina musu rumfa: rufin kwano, daɓen siminti, bango iya ƙirji. Magini ya goge daɓen sumul, bai kuma ba shi gangara ba, sai fitsari yake taruwa a tsakiya, daidai inda suke kwanciya.

Tunda damina ta kankama na rasa sukuni. Biyu suna ɗingishi. Da na ɗaga ƙafar ɗaya, tsakanin kofaton ya yi laushi, ya tsage, ga wari. Wata kuma hantsarta ta kumbura gefe guda, da zafi, madarar tana fita da gudaji. Likitan dabbobi ya yi musu allura suka ji sauƙi, bayan sati uku ɗingishin ya dawo. Shi ma ya ce daga daɓen ne.

Safe da yamma nake kwashe kashi. Na shimfiɗa ɓuntun shinkafa, kwana biyu ya zama caɓi, ƙudaje suka yi sansani. Na zuba yashi, ya toshe 'yar kwatar da na haƙa. Na fasa bangon gefe ɗaya saboda iska, warin ya ragu, amma danshin na nan.

Ba ni da kuɗin fasa daɓen duka yanzu. Don Allah, in na ɗora sabon siminti mai kaushi a kan tsohon, da gangara zuwa kwata, zai kama ba tare da nauyin shanun ya ɓantare shi ba?