Lissafin illar sauyin yanayi: wa ya ce ƙarya ne?

Mai binciken masara: Abin da ke ƙona min rai shi ne, sai an gama lissafin illar sauyin yanayi sannan a tara manoma su sa albarka. Alhali DSSAT da APSIM, manhajojin kwamfuta masu hasashen amfanin gona, suna buƙatar ranar shuka, nau'in iri, da takin da aka zuba da gaske. Duk wanda bai tambayi manomi tun farko ba, sakamakonsa ƙarya ne.

Malamar yanayi: Malam, ka janye "ƙarya". Lissafin hasashen yanayi na duniya yana yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita 100. Sai a sauko da shi zuwa 50 ko 25 irin na CORDEX, shirin lissafin yanayi na yanki-yanki, a daidaita da bayanan tashoshi na shekara 30. Ciwonsa sananne ne: yana watsa ruwa ya zama yayyafi a kwanaki da yawa, sai farin tsakiyar damina ya ɓace, amfanin gona ya fito fiye da kima a lissafi. Kuskure ne mai gyaruwa.

Malamin gona: Hajiya, kuskuren da aka sani aka fitar ba gyara, me ya raba shi da ƙarya?

Malamar yanayi: Kawo rahoto ɗaya da aka yi haka.

Malamin gona: Suna da yawa. Wasu ma SSP5-8.5, wato hasashen da ke ɗauka za a ci gaba da fitar da iskar kabon mai yawan gaske, kaɗai suke ɗauka don a firgita.

Ɗalibin lissafi: Ranka ya daɗe, ana haɗa shi da SSP2-4.5, hasashen matsakaicin fitar da iskar kabon. Kafin 2050 ma tazararsu ba ta kai saɓanin da ke tsakanin lissafe-lissafen ruwan sama ba.

Jami'in gandun daji: Ku kuna canza iri duk shekara. Bishiyar katako kuwa shekaru gommai take yi kafin a sare. Lissafin 3-PG, wanda ake yi wa bishiyoyi, yana auna girmanta, amma gobara da ƙwari sai an ƙara masa. Mu ne kuskure ke kassarawa.

Mai binciken masara: Masara fa? Zafi ya kai digiri 35 lokacin fure, ƙwaya ba ta cika. Kuma ƙarin iskar kabon bai cika taimakonta ba kamar shinkafa da alkama. Maganata dai kan manoma ce!

Mai kula da zaure: A taƙaice, an yarda kalmar "ƙarya" ta yi tsauri, kuma gandun daji ne ya fi buƙatar kulawa. Mako mai zuwa sai batun gobarar daji.

Malamin gona: Yallaɓai, wa ya yarda? Ni ban janye ba.