Me ya sa hotunan ƙananan garuruwan tsoffin ƙasashen gurguzu duk suke kama da juna?

Mai_Kyamara:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka taɓa zama a Rasha ko Yukren ko wata ƙasa da ta yi mulkin gurguzu. Ɗaukar hoto nake yi, kuma kwanan nan na shagala da kallon hotunan ƙananan garuruwansu. Ba Mosko ko Warsaw nake nufi ba, a'a, garuruwan da aka kafa saboda masana'anta ɗaya ko mahaƙa ɗaya. Ko wa ya ɗauka, kusan abu ɗaya za ka gani: dogon bene na kankare fenti ya ɓare, bututun hayaƙi ba hayaƙi, tsohuwa da ɗankwali tana jan jaka, lilon yara ya yi tsatsa, sama kuma toka-toka. Samari da 'yan mata sai ka laluba.

Shin haka wuraren suke, ko masu hoton ne ke zuwa da abin da suka riga suka ƙudura a ransu? Na san aikin. Taku biyu zan yi hagu in karkata kyamara, labari ya canza. In kuma gaskiya ne, me ya cinye garuruwan haka alhali a yawancinsu ba yaƙi aka yi ba?

Tsohon_Ɗalibi:

Wa alaikumus salam, ɗana. A gabashin Yukren na yi karatun injiniya a shekarun 1990, daidai lokacin da abin ke rushewa, kuma hutu da yawa a irin waɗannan garuruwa na yi shi, gidan iyayen abokan karatu. Benayen nan gaskiya ne, tsatsar ma gaskiya ce. Amma kafin ka karanta hoton sai ka san mece ce masana'anta a wurinsu.

Ba wurin aiki kawai ba ce. Ita ta gina benen da kake gani ta raba wa ma'aikata. Gidan renon yara nata ne, asibiti nata ne, zauren da ake kiɗa da wasan kwaikwayo nata ne, har ƙungiyar ƙwallon garin. Babba a ciki, ita ke ɗumama gari. Ka duba hotunan da kyau za ka ga wasu manyan bututu a naɗe da auduga da kwano, suna bin gefen titi, su ɗaga su tsallake hanya su sake sauka. Ruwan zafi ne a ciki, daga tukunyar masana'anta zuwa kowane ɗaki. To ran da masana'anta ta tsaya, ba albashi kaɗai ya tsaya ba. A Pikalyovo, wani ɗan gari a yankin Leningrad na Rasha, haka aka yi a 2009: masana'antu suka tsaya, bashin gas ya taru, aka yanke ruwan zafi, mutane suka fito suka tare babbar hanya. Sai da Putin ya zo da kansa ya sa attajiri Oleg Deripaska ya sa hannu a takarda gaban kyamarar talabijin. Gwamnatin Rasha tana da jerin irin waɗannan garuruwa masu dogaro da sana'a ɗaya, a 2014 sun haura 300.

Ga kuma abin da ya faru da kuɗi. Bayan Tarayyar Sobiyet ta wargaje a Disambar 1991, hauhawar farashi a Rasha ta haura kashi 2,000 cikin ɗari a 1992, a Yukren kuwa ta kai wajen kashi 10,000 a 1993. Ajiyar da tsoho ya yi shekara talatin yana tarawa a banki ta koma kuɗin cefanen mako. Mahaifin abokina a masana'antar tukwanen ƙarfe yake aiki, da kuɗi suka ƙare sai aka riƙa biyansu da tukwane. Mutumin da ke da lambar yabo a aljihun kwat, shi ne tsaye a tashar jirgin ƙasa da tukwane jere a gabansa, jirgi na tsayawa ya bi tagogi yana ɗaga su. Bai taɓa yarda mu bi ta tashar ba in yana can. Irin wannan kunyar ta kashe maza da yawa ta hanyar kwalba. A 1994 matsakaicin tsawon ran namiji a Rasha ya faɗo ƙasa da shekara 58. Shi ya sa tsofaffin da ke hotunanka mata ne.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne lokaci. Masu hoton nan Nuwamba suke so, ko Maris sa'ad da ƙanƙara ke narkewa ta bar taɓo da sharar da ta binne tun farkon hunturu. Je ka garin a Agusta. Tsohuwar nan mai jan jaka tana 'yar gonarta a bayan gari, ga tumatir ga kokwamba ga dankali, jikoki sun zo hutu daga birni. Layin garejin ƙarfe da ake ɗauka a matsayin alamar mutuwar gari, ƙarƙashin kowanne akwai rami cike da kwalaben kayan lambu da aka jiƙa a ruwan gishiri, kuma nan maza ke taruwa da yamma suna kwance tsohuwar mota ƙirar Lada suna ɗaurawa. Da waɗannan kwalabe aka ƙetare shekarun 1990, ba da albashi ba.

In kana son ganin wanda ya yi aikin da gaskiya, nemi hotunan fasfo na Alexander Chekmenev. A Luhansk ne, gabashin Yukren, 1994 zuwa 1995. Sabuwar ƙasa na buƙatar sabon fasfo, sai aka tura masu hoto gida-gida wurin tsofaffi da marasa lafiya da ba sa iya fita. Wani ya riƙe farin ƙyalle a bayan kan tsoho, a ɗauki fuska. Shi kuma sai ya ja da baya ya ɗauki ɗakin gaba ɗaya: hannun mai riƙe ƙyallen, gadon ƙarfe, kwanon abinci, hotunan iyali a bango. Hukuma ta samu fuskarta, mu muka samu ɗakin. Kai da ka san zancen taku biyu, wannan naka ne.

Mazauniyar_Jamus:

Baba ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai zan ƙara cewa ba ko'ina lalacewar ke da tsatsa ba, kuma wannan ne ke ruɗar mai kyamara.

A gabashin Jamus nake zaune. A 1990, gab da haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma, an kafa hukumar Treuhand ta sayar da kamfanonin gwamnatin Jamus ta Gabas, dubbai ne, masu ma'aikata wajen miliyan 4. Kafin ta rufe a ƙarshen 1994 mafi yawan ayyukan nan sun tafi. Ɗauki Hoyerswerda, garin da ya bunƙasa saboda masana'antar kwal ta Schwarze Pumpe. A shekarun 1980 mutanensa sun kai wajen 70,000, yanzu ba su kai rabin haka ba. Amma in ka je ba za ka ga kango ba. Daga 2002 gwamnati ta riƙa ba da kuɗi ana rushe benayen da ba kowa, a kwashe ɓaraguzai, a shuka ciyawa. Titi lafiyayye, fitilun hanya na aiki, tashar bas tsaf da jadawalinta, kewaye da ita kuma fili kore, ba gida ko ɗaya. Ka ɗauki wannan a hoto, mai kallo zai ce wurin shaƙatawa ne. Sai wata dattijuwa ta nuna maka iska ta ce a can hawa na biyar ta haifi 'ya'yanta.

Haihuwa ma ta faɗi kusan rabi a gabashin ƙasar cikin 'yan shekarun farko, kuma cikin masu ƙaura zuwa yamma 'yan mata masu ilimi sun fi yawa. Shi ya sa makarantu suka riga komai rufewa.

Abu ɗaya da ban cika gani a littattafan hotunan nan ba, kuma ya shafe mu: a Satumbar 1991, a Hoyerswerda ɗin nan, an yi kwanaki ana jifan masaukin ma'aikata 'yan Mozambik da Biyetnam da na masu neman mafaka, wasu maƙwabta na tafa wa masu jifan, har aka kwashe su daga garin a bas. Tausayin mutanen da aka bari a baya daidai ne, amma haushinsu ba kan Treuhand kaɗai ya sauka ba.

Ba_Sani_Ba_Sabo:

Ni fa ban yarda da wannan sana'a ba sam. Mutum ya taso daga Landan ko Balin da kyamara mai tsadar da ta fi fanshon tsohuwar na shekara, ya yi kwana kaɗan, ya koma ya buga littafi mai kauri a sayar wa masu kuɗi su ajiye a falo. Tsohuwar ta ga ko kwafi ɗaya? Dubi Buzludzha a Bulgeriya, ginin jam'iyyar gurguzu da aka buɗe a 1981 a kan dutse, mai kama da faifai. Tun da aka watsar da shi kowa sai ya je ya ɗauka. Ƙauyukan da ke mutuwa a ƙasan dutsen ba mai leƙa su, don ba su da kyan gani.

Kuma kada a ce 'yan gida sun fi. Boris Mikhailov ɗan birnin Kharkiv na Yukren ne, ya ɗauki marasa matsuguni na garinsu a ƙarshen shekarun 1990, wasu tsirara cikin ƙanƙara, kuma bai ɓoye ba cewa biyansu yake yi. Ya samu lambar Hasselblad, babbar lambar yabo ta masu ɗaukar hoto, a 2000. Su fa?

Mai_Kyamara:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Hajiya. Na nemo hotunan fasfon, na daɗe a kan wani da hannun mai riƙe ƙyallen ya fito a gefe. Malam Ba_Sani, maganarka akwai ƙamshin gaskiya, amma da Mikhailov bai ɗauka ba, yau wa zai yarda an yi haka a birnin da ke ƙera tankoki da injinan wutar lantarki? Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda za a ɗauki wanda ba ya nan. Garin ya mutu ne don mutane sun tafi, su kuma ba sa cikin hoton.

Tsohon_Ɗalibi:

Suna ciki, ɗana, tagogi za ka duba. A bene guda za ka ga tagar katako ta ruɓe, kusa da ita tagar roba fara sol, wani ma ya lulluɓe bangon ɗakinsa kaɗai da abin hana sanyi ya shafa masa fenti ruwan hoda, sauran benen na nan toka. Gidan mai farar taga yana da ɗa a waje. Tun da Poland da Latbiya da Lituweniya suka shiga Tarayyar Turai a 2004, Birtaniya da Ailan suka buɗe musu ƙofar aiki nan take, sai Romaniya da Bulgeriya suka biyo a 2007, nasu suka fi nufar Italiya da Sifaniya. Mata na jinyar tsofaffin wasu, nasu tsofaffin na riƙe da jikoki. Bulgeriya ta kusa miliyan 9 a ƙarshen shekarun 1980, ƙidayar 2021 ta samu kimanin miliyan 6.5. Can suna da al'adar liƙa takardar sanarwar rasuwa mai hoton mamaci a ƙofar gida da jikin bishiya da allon tashar bas. A garuruwan arewa maso yamma, wajen Vidin, sai ka ga allo ya cika da su, a gefe kuma tallar motar da ke kai mutane Jamus.

Malam Ba_Sani, ban ce ka yi kuskure ba, sai dai su ma mutanen ba wawaye ba ne, sun san me baƙo ya zo nema. Matar gidan da nake sauka, in ta ga mai kyamara ya nufi tsohuwar masana'anta, tsaki take yi ta ce ga furanninta a baranda ba wanda ya taɓa tambaya. In ka ce za ka ɗauke ta kuwa, sai ka jira ta canza riga ta gyara gashi ta ɗauko kofunan baƙi. Mai neman hoton wahala a nan yake gajiya ya tafi.

Amma kada zancen Agusta da furanni ya sa ka ɗauka duk ƙarya ce. Vorkuta, garin kwal da ke can arewacin Rasha inda rana ke ɓacewa da hunturu, ta haura mutum 100,000 a ƙarshen zamanin Sobiyet, yanzu ta ragu da kusan rabi. A ƙauyukan mahaƙa da ke kewaye da ita akwai benayen da iyali ɗaya ko biyu suka rage, kuma dole a ci gaba da ɗumama ginin duka saboda su. Mutane na miƙa wa hukuma gidajensu kyauta don su huta da kuɗin ɗumamawa. Can ko a wane wata ka je, abin da ka gani a hoto shi za ka tarar.

Mazauniyar_Jamus:

Baba, zancen tagogin nan a wajenmu ba ya aiki, don kamfanin gidaje ne ke canza su gaba ɗaya. Nan sunayen da ke jikin ƙararrawar ƙofar bene ake dubawa, a ƙirga gurabe nawa ne babu suna. Mai_Kyamara, in ka taɓa zuwa ka nemi izini kafin ka ɗauki wannan, Jamusawa ba sa wasa da hoton sunan mutum.