BCL11A da himogulobin na jarirai: kura-kuran da ake yawan yi wajen aunawa

Mai nazarin jini: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu aiki da jinin masu sikila, mu haɗa abin da muka sani kan BCL11A, ƙwayar gadon da ke kan kromosom na 2. Furotin ɗinta ne ke kama DNA da yatsun zink ya rufe HBG1 da HBG2, ƙwayoyin gadon gamma masu samar da himogulobin na jarirai (HbF), shi ya sa HbF ke raguwa bayan haihuwa. Na farko dai, kada a ɗauki jinin wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku, don jinin baƙo zai dagula lissafin. Wanda ke shan hydroxyurea a ware shi daban, maganin da kansa yana ɗaga HbF. Jaririn da bai kai shekara ba kuwa nasa bai gama sauka ba. A auna HbF da HPLC, na'urar da ke rarrabe nau'ukan himogulobin. Electrophoresis na takarda ba ya ba da kaso sahihi.

Mai aikin furotin: Wa alaikumussalam Malam. Inda aka fi yin asara shi ne ruwan da ake narkar da furotin a ciki. Kowane yatsa amino asid huɗu, cysteine biyu da histidine biyu, ne suka riƙe zink guda. Da zarar an zuba EDTA, sinadarin da ke kama ƙarafa, sai ta janye zink ɗin, yatsan ya warware, furotin ya ƙi kama DNA, mutum ya zaci gwajinsa ne ya lalace. A cire EDTA gaba ɗaya, a ɗiga zinc chloride kaɗan, a sa sinadarin DTT sabon haɗi don kada cysteine su lalace. Sannan a tabbata nau'in XL, wato dogon nau'in furotin ɗin, aka ɗauko, mai amino asid 835. Yatsu uku na ƙarshe su ne ke gane jerin haruffan DNA na TGACCA da ke kusan haruffa 115 (-115) kafin farkon ƙwayar gamma, gajerun nau'ukan kuwa ba su da su.

Mai renon sel: Dakta, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ƙari ɗaya: K562, layin sel na sankarar jini da ake reno, ba ta dace da wannan aiki ba, dama can gamma take yi, BCL11A ɗinta kaɗan ne. HUDEP-2, layin sel masu zama jajayen sel, ko CD34+, sel tushen jini, su ne daidai. Ita HUDEP-2 in ta rasa maganin doxycycline sai ta daina yaɗuwa, kuma maganin ba ya daɗewa a ruwan reno, dole a riƙa sabunta shi.

Mai gyaran DNA: Hajiya, haka ne. Kuma mai son ɗaga HbF kada ya kashe ƙwayar gadon BCL11A baki ɗaya. Sel na B na garkuwar jiki da tushen jini a ɓargo suna buƙatarta, mutanen da aka haifa da kwafi ɗaya lalatacce ma suna fama da jinkirin ci gaban ƙwaƙwalwa duk da HbF ɗinsu yana sama. Wurin yanka shi ne makunnin da ke cikin intron na 2, a yankin da ake kira +58, inda furotin GATA1 ke zama, don shi a jajayen sel kaɗai yake aiki. Nan Casgevy ke yanka, maganin sikila ta hanyar gyaran DNA wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba.

Mai nazarin jini: Na gode. Masu duba rs1427407, wani bambancin DNA a cikin BCL11A, a marasa lafiya, ku duba har da alpha-thalassaemia (wata cutar jini ta gado) da HBS1L-MYB (wani yankin DNA da shi ma ke shafar HbF), in ba haka ba za ku ɗora wa BCL11A bambancin da ba nata ba.