Me za mu kira masu raya injunan Crossness?

1/ Jama'a, ina neman gudummawar masana Hausa. Kalmar volunteer ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Na san za ku ce an gama wannan tuntuni, ɗan sa-kai ne. Ku bari in nuna muku mutanen tukuna.

2/ A kudu maso gabashin Landan, a bakin kogin Thames, akwai Crossness, tsohuwar tashar tura ruwan masai. Warin kogin ne ya hana 'yan majalisa sakat a 1858, aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina magudanai, aka buɗe tashar a 1865. Injuna huɗu masu aiki da tururi suna ɗaga ƙazantar zuwa matattara, a sake ta idan ruwa ya juya zuwa teku. Wilin kowane inji tan 52 ne.

3/ A shekarun 1950 aka yi watsi da su, tsatsa ta ci rabonta. Sai wasu suka kafa ƙungiya a 1987, suka riƙa zuwa mako-mako, ba albashi. Suka kwashe yashin da aka cike ramukan famfo da shi, suka kankare ƙarfe, suka mai da fentin ado ja da kore. Sai a 2003 inji ɗaya, mai suna Prince Consort, ya sake motsi. Yau tashar ta zama gidan tarihi; in ka je ranar da ake kunna shi, su ne masu karɓar baƙi, su ne masu zuba mai, kuma dattijon da ke maka bayani baƙin mai bai bar faratansa ba.

4/ To, ka ce wa mutumin Zamfara ko Katsina "'yan sa-kai sun karɓi wurin", me zai gani? Bindigar toka da layu. Kalmar ba ta da laifi, zamani ne ya ɗora mata kaya. A takardar ofis "masu aikin sa-kai" ya wadatar, amma a baki ya yi tsawo.

5/ Wani ya ba ni 'yan agaji. A'a. Wannan ta masu kaki ce a filin idi da wurin wa'azi, kuma agaji mutum ake kai wa.

6/ Ni dai hankalina ya fi kwanciya da 'yan aikin gayya. Ba a biya, jama'a ce ke haɗa hannu, abin kuma amfanin kowa ne. Ga shi a garuruwanmu ƙungiyoyin aikin gayya su ne masu yashe kwalbati gabanin damina, kun ga ma layi ɗaya suke da mutanen Crossness.

7/ Wata malama ta ƙalubalance ni: gayya ta yini ɗaya ce, mai gona ya gayyata, ya ba da fura, a watse, su kuwa waɗannan shekara goma sha wani abu suka yi a kan inji ɗaya, ba wanda ya kira su. Gaskiya ne a gayyar noma. Amma ƙungiyar unguwa da ke fita duk Asabar ita ma ba mai gayyatarta, kuma ba mu canza mata suna ba.

8/ Don haka zan rubuta: "'Yan aikin gayya ne ke riƙe da gidan tarihin." Tilo, ɗan aikin gayya ko 'yar aikin gayya. Kada a yanke a ce 'yan gayya kawai, sai a ɗauka biki suka zo ci. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, yaya kuke cewa a wurinku?